Zaren Homa a Kan Tafireta

Sallama gare ku masu bin wannan shafi. Wasunku sun dame ni da tambayar yadda aka yi mutum irina, wanda bai wuce aji shida na firamare ba, ya ɗaga ido ya kalli malamar lissafi. To ga yadda aka yi. Ba zan ƙara gishiri ba, kuma inda na yi wauta zan faɗa.

Shekarar 1990 ce, muna cikin jihar Sakkwato tukuna. Ni Kalilu, ɗan masunta daga Argungu, ina aikin buga tafireta a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi. Ofishina ɗan ƙuƙumin ɗaki ne bayan na Hajiya shugabar makaranta. Teburi ɗaya, benci ɗaya, tsohuwar tafireta mai nauyin tsiya, injin gurza takarda, da kwalin sitensil, wato takardar nan mai kaki da ake bugawa a kanta, sannan a ɗaura wa inji ya fitar da ɗaruruwa.

Wata Litinin bayan ƙaramar sallah Malama Baiwa ta shigo da fayil. Ba ta fi wata biyar da fara koyarwa ba. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan dariya. Ran nan atamfa ce ruwan ganye a jikinta da ɗan gyale baƙi, yatsunta na dama fari fat da alli, jan biro soke a bakin jaka. Na daɗe ina lura da ita. Ita kuwa ban jin ta taɓa duban fuskata sau biyu.

"Malam Kalilu, ga misalan lissahi da niy yi ma ɗiyan aji biyat. Shahi arba'in na. Hajiya tac ce a gurza musu ɗari biyu kahin jarrabawa."

"To, Malama."

Na buɗe fayil na ga ɓarna. Kowane shafi layi shida ko bakwai ne gajeru, sauran duk fili. Ga Hajiya kullum tana ƙorafi kan sitensil. Sai na ce bari in nuna wa yarinyar nan yadda ake aiki. Na jera lambobin nan ɗaya bayan ɗaya kamar wasiƙa, in layi ya cika in sauko. Shafi arba'in na matse su cikin sitensil goma sha ɗaya. Har murmushi nake yi ni kaɗai.

Da ta zo ranar Laraba ta ɗaga na farko ta duba a hasken taga. Ta duba na biyu. Sai ta zauna a bencin nan a hankali kamar wadda aka yi wa rasuwa.

"Mi na wanga?"

"Aikinki na, Malama. Na rage miki shi."

"Wanga ba aikina ba na. Wagga wasiƙa ta. Gaisuwa kaɗai ka mance ba ka sa ba."

Ta zaro jan biro, ta juya wani ambulan, ta rubuta:

3x + 7 = 22
    3x = 22 − 7
    3x = 15
     x = 5

"Dubi alamar daidai," in ji ta, tana nuna 'yan layukan nan biyu da ke kwance. "Kowace ta zamna ƙarƙashin 'yar'uwatta, awa matakan tsani. Yarinya ta sauko da ido ta ga abin da yac canza daga wanga layi zuwa wancan. In ka watsa su, mi za ta bi? Kuma ka bar sarari guda gaban alamar, guda bayanta. Haka ta tarawa, haka ta ɗebewa."

"Zai ci sitensil arba'in."

"Shi ci."

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara huɗu ina kan tafiretar nan ba wanda ya taɓa maido mini da aiki. Na gwada yadda ta ce har la'asar. Sai dai gefen hagu ba tsawonsa ɗaya ba, wani layi haruffa shida, wani ɗaya tak. Maɓallin da ke tsallakar da tafireta zuwa wuri ɗaya kuma ya mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Ina kintata da ido, alamar tana gocewa, ina shafa jan maganin gyara mai warin nan har sitensil ya huje. Na lalata uku na tashi.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Argungu. Na tarar da Innata, Inna Fatu, a tsakar gida tana juya kifi a kan banda, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta zubo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, ta jira sai da na kai loma ta uku, kamar yadda ta saba in tana da magana.

"Kalilu, hadari ya hwara haɗuwa."

"Na gani, Inna."

"Gonar hwadama ba ta da mai ita. Baffanka Tamba gwiwa ta ci shi. Niy yi shiru da kac ce aikin gwamnati kaka yi, nic ce ko za ka aje iyali can. Shekara huɗu, ba mata, ba labarin mata. Kana zamne kana ƙwanƙwasa ƙarhe awa maƙeri."

"Inna, ana nema."

"Wa aka nema? Mi sunanta?"

Na kai wata loma. Me zan ce? In ce wadda ta kira aikina wasiƙa?

"To ji nan. Kahin ruwa shi sauka sosai, ko ka kawo min suna, ko ka kawo min kanka da akwatinka. Ba faɗa nika yi ba."

Inna ba ta ɗaga murya. Shi ya sa maganarta ba ta tashi.

Na fita ƙofar gida na sami Baffa Tamba ƙarƙashin bishiyar bedi yana ɗinkin homa, ragar nan ta hannu da muke kamun kifi da ita. Na karɓi allurar don in rage masa. Tun ina ɗan shekara bakwai na iya. Ba a fara homa daga baki. Igiyar tsakiya ake fara ɗaurewa, sannan ka ƙirga ido nawa za su tafi hagu, nawa za su tafi dama. In ka fara daga baki kana kintace, sai ta fito a karkace, kifi ya samu hanya. Ina cikin ƙirgawa hannuna ya tsaya.

"Mi yaf faru?" in ji Baffa.

"Ba komi. Baffa, ba ni wanga guntun zare."

"Ɗauka. Ko can birni kihi kaka kamu cikin ohis?"

Da safiyar Litinin na ɗaura zaren a jikin ma'aunin tafireta, daidai kan lamba arba'in. Nan ce igiyar tsakiya. Kowane layi sai in fara ƙirga abin da ke hagun alamar daidai, harafi, lamba, har da sarari, domin a tafireta sarari ma ido guda ne. In bakwai ne, in kawo kan zare, in ja baya sau bakwai, in buga. Alamar sai ta faɗo kan zaren da kanta. Na gama shafin farko na ɗaga shi a taga. Alamomin nan sun sauko a jere kamar an saki dutse daga kan soro.

Ban gama jin daɗi ba na ji tsayuwar mota. Fijo ce fara. Malama Baiwa ta shigo tare da wani mutum cikin shadda ruwan toka mai sitaci, agogo na walƙiya, ƙamshin turare ya kori warin maganin gyara. Na san shi da labari. Abdussamadu ne, abokin yayanta, yana aiki a wani ofis a Sakkwato inda aka kawo kwamfuta. Duk makarantar an san yayan nata shi yake so ta aura. An kuma san mahaifinta ya ce shi ba ya zaɓar wa kowa, ta duba da kanta.

Mutumin bai yi mini rashin kunya ba, gaskiya ɗaya ce. Hannu ya ba ni.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Amma wannan ba aikin tafireta ba ne. A ba ni kwafe in tafi da shi, mai buga mana kwamfuta zai fitar da shi kamar littafin kanti. Ka huta."

Na dubi Malama. Ita kuwa shafin da ke hannuna take kallo.

"Kawo in gani." Ta duba ta daɗe. Sannan ta dubi zaren da ke lilo a jikin tafireta. "Wanga hwa?"

"Zaren homa na."

Abdussamadu ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Yaya Abdussamadu, tahi da kwahe guda. Malam Kalilu, kai ma ci gaba. Wanda yaf fi kyau shi za a ba ɗiyan."

Daga ran nan muka shiga wani irin zama. Lokacin babu waya a hannun kowa. Da safe kafin ta shiga aji takan ajiye fayil a teburina, da hutun tara na biyu ta dawo ta ɗauki abin da na buga. Maganarmu duk a gefen takarda take, da jan biro.

"Shafi na 4 ya yi."

"Shafi na 6: in lamba tana cikin baka, kada ka bar sarari tsakaninta da bakan."

"Ɗan biyun da ke saman x ya yi ƙasa. Murɗa abin naɗe takardar rabin layi."

Ni kuma in buga amsa a ɗan guntun takarda: "An gyara." Ban iya doguwar magana ba. Ranar Alhamis na buɗe fayil na ga ta rubuta a can ƙasa, ƙanana: "Tun safe nake jin ƙarar tafireta daga aji. Ka ci abinci kuwa?" Wannan takardar tana cikin akwatina har yau. Kada wanda ya tambaye ni hotonta, ba zan sa ba.

Yanzu ga inda abin ya cuɗe. Ni ban san lissafin boko ba, ban san mene ne x ba, har gobe. Amma mutumin da ya ƙirga ido ɗaya bayan ɗaya a shafi goma sha shida, dole idonsa ya saba da wani abu. Na lura duk lambar da ta ƙetare zaren daga hagu zuwa dama sai ta canza alama. Mai tarawa ta koma ɗebewa, mai ɗebewa ta koma tarawa. Ba wanda ya gaya mini. Gani na yi, sau talatin ko fiye, saboda suna jere.

A shafi na goma sha bakwai ta rubuta 4x − 6 = 30. A layi na biyu ta rubuta 4x = 30 − 6. Shidan nan ya ƙetare zare da alamarsa yadda take.

Na ɗauke hannu daga tafireta. Na koma baya na duba shafi sha shida ɗin nan kaf, ko akwai inda aka yi haka. Babu. Na zauna ina kallon bango. In na buga yadda ta rubuta, ba mai kama ni da laifi, aikina bugawa ne. In na gyara a ɓoye, wa ya aike ni, kuma in ni ne ban gane ba fa? In kuma na faɗa mata, ɗan aji shida ya gyara wa malama lissafi, a makon da ta fara tambayar ko na ci abinci. Ga mai Fijo yana hanya da littafin kanti. Ga Inna da hadarinta.

Zuciyata ta ce buga kawai. Amma yara ɗari biyu za su haddace shi su shiga jarrabawa, kuma sunanta ne a bangon littafin. Na bar shafin ban buga ba. Na sa guntuwar takarda na buga: "Malama, shafi na 17, layi na biyu. Duk sauran da suka ƙetare sun canza alama. Wannan bai canza ba. Ko haka ne daidai? Ban buga ba sai kin duba."

Ta zo ta ɗauki fayil ta fita. Ba a yi minti biyar ba ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba.

"Malam Kalilu, aji nawa kay yi?"

"Shida."

"Na firamare."

"Na firamare."

"To."

Ta juya. Jumma'a ba fayil. Litinin ba fayil. Talata na hange ta ta zagaya ta bayan ɗakin karatu don kada ta bi ta ƙofata. Ran nan kuma Fijo ta dawo. Da na kai wa Hajiya takardu na ga aikin Abdussamadu a teburinta. Farar takarda sol, haruffa kamar na jarida, ban taɓa ganin abu mai tsabta haka ba. Sai dai mai bugawar ya sa kowane layi a tsakiyar shafi, don haka alamomin daidai suna tafiya kamar sawun maciji a rairayi. Na buɗe shafi na sha bakwai. Shidan yana nan yadda yake. Na rufe, ban ce wa kowa komai ba. Da na koma masauki na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe shi. Na ce gonar fadama ma ai aiki ce.

Ranar Alhamis da safe na tarar da fayil a teburina. An sake rubuta shafin da jan biro: talatin a tara da shida, talatin da shida, amsa tara. A da shida ta samu. A ƙasa ta rubuta: "Kai ne da gaskiya. Ka buga sauran, naka za a gurza. Baba yana son ganin wanda ya ɗaura zaren. Gobe bayan la'asar, unguwar Makerar Gandu, ka tambayi gidan Maigandi magini."

Na karanta sau huɗu. Sannan na buga shafi tara a zama ɗaya.

Riga ɗaya gare ni ta kirki, farin yadi mai aikin wuya kaɗan. Na wanke ta, na goge da dutsen guga na gawayi, na ari hula wurin maƙwabcina. Na sami Baba Maigandi a zaure kan tabarma, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk kanta. A gefensa ga cebur da igiyar awo mai dalma a baki. A gabansa kuma ga takardu kashi biyu, nawa da na kwamfuta. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kai na Kalilu? Ɗan wa?"

"Ɗan marigayi Ummaru mai homa, Baba, daga Argungu."

"Zamna." Ya ɗaga takardar kwamfuta ya miƙar da hannu, ya kanne ido ɗaya. "Ni ban yi boko ba, ban san abin da anka rubuta ba. Amma shekara arba'in ina gini. Wanga fenti ya yi kyau, bango ya karkace." Ya ajiye, ya ɗauki nawa ya yi masa irin wannan kallo. "Wanga an ja mishi igiya. Wa yak koya maka?"

"Wurin ɗinkin homa niƙ ƙwace shi, Baba."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Sai ya gyara zama.

"An ce ka ga kuskure. Mi yas sa ba ka gyara shiru ba? Da ba ta ji kunya ba."

"Ba aikina ba na in gyara mata, Baba. Ban da ilimin."

"To mi yas sa ba ka buga yadda kag gani ba?"

"Na ga ya karkace. Hannuna bai iya ba."

Ya daɗe yana kallona. Daga cikin gida ina jin ana daka, sai dakan ya tsaya. Na san akwai mai saurare bayan ƙofa.

"Kwana ukku ɗiyag ga ba ta ci abincin kirki ba don haushi," in ji shi. "Ba kai taka jin haushi ba, kanta. Tun tana ƙarama haka take, in ta yi kuskure sai gida dut shi ɗauki zahi. Na tambaye ta, cikin mutanen ga biyu wa kika so. Tac ce wanda yak karanta abin da tar rubuta. Za ka iya da ita?"

"In ta iya da ni, Baba."

"Wanga kuma ku ta shahwa. Yayanta zai yi hushi, ni zan ji da shi. Ka turo manyanka."

Ban san yadda na fito daga zauren nan ba. Na dai tuna na sa takalmin hagu a dama har sai da na kai bakin titi.

Washegari na kama motar farko zuwa Argungu. An yi yayyafi a hanya, ƙasa tana ƙamshi. Na sami Inna tana tankaɗe. Ta dubi hannuna ta ga ba akwati.

"To?"

"Baiwa sunanta, Inna. Ɗiyar Maigandi magini. Ya ce a turo."

"Mi taka yi?"

"Malama ta. Lissahi taka koyarwa."

Inna ta ajiye rariya. Ta kakkaɓe garin da ke hannunta a zane, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Malama. Kai da aji shida." Ta ɗago ta dube ni. "Ta iya gyaran kihi?"

"Ban tambaya ba."

"Ai ba za ka tambaya ba." Ta shiga ɗaki. Na ji ana buɗe akwatin ƙarfe. Ta fito da mayafinta na zuwa biki a kafaɗa, da ƙullin busasshen kifi mafi girma da ke kan banda.

"Inna, Baffa Tamba za a tura. Maza ka zuwa."

"Tamba shi tahi ranar da yag ga dama. Gona kuma a ba ɗan maƙwabcinmu Hodi shi noma bana." Ta miƙo mini ƙullin. "Riƙe. Mota nawa ka tashi zuwa Birnin Kebbi kahin azahar? Ni zan hwara ganinta."